Ummata na roƙon Allah Ya ɗauki ranta, me zan ce mata?

Wata baiwar Allah ce ta turo wannan saƙon, tace a sakaya sunanta:

"Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata ce take fama da kansar mama, an cire ɗaya an yi mata kemo, wato maganin ciwon daji na asibiti, amma ciwon ya dawo, yanzu likitoci sunce ya shiga ƙashin baya da ƙugu, wajen aikin kuma ya buɗe ya zama gyambo yana ruwa yana wari. Sun gaya wa Yayanmu maganar warkewa kam sai dai wani ikon Allah, shi kuma yace kar wanda ya kuskura ya faɗa mata. Na baro gidan mijina da yarana na dawo ina jinyarta. Anti matar da ita ke tashinmu sallar dare, wadda bamu taɓa jin tace wash ba, yanzu kullum sai Allah Ka ɗauki raina in huta, ku barni in tafi na gaji. Abinci sai an yi rigima take ci, asibiti tace bazata koma ba. Shekaranjiya da tsakar dare ta riƙe hannuna tace wai babu wata allura da za'a yi mata ta yi barci kar ta farka? Nace haba Umma ki yi istigfari, tun daga nan bata ƙara min doguwar magana ba. Gwaggonmu tace raunin imani ne, shaiɗan ne ke son ɓata mata ƙarshe. Wallahi tsoro nake kar ta cika a haka. Me ke sa mutum ya so mutuwa haka, kuma me zan ce mata?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, Allah Ya ba Umma sauƙi Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya baki ladan wannan zaman da kike yi. Babu abin da kika faɗa da yake baƙo a ɗakin masu irin wannan ciwon, mutane ne dai basa fitar da shi waje, sai kowa ya ɗauka a gidansu kaɗai ake jin irin wannan maganar.

Bari in fara da abin da ya fi hana ki barci. Da dukkan girmamawa ga Gwaggo, ban yarda da ita ba sam. Kinsan Khabbab bin Arat, sahabin da aka kwantar a kan garwashi a Makka don ya bar musulunci ya ƙi? A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kama shi har aka yi masa lalas da wuta sau bakwai a cikinsa, da 'yan dubiya suka shigo sai yace musu da ba don Manzon Allah (SAW) ya hana mu roƙon mutuwa ba da na roƙe ta. Yana nan cikin Bukhari. Waye zai buɗi baki yace Khabbab mai raunin imani ne? Nana Maryam ma da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi kaicona, ina ma na mutu kafin wannan na zama abin da aka manta, ki duba Suratu Maryam aya ta 23. Ki kuma karanta ayoyin da suka biyo baya ki ga amsar da aka bata: kar ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, ga dabino, ki ci ki sha hankalinki ya kwanta. Rarrashi aka yi mata aka kula da jikinta, babu tsawa ko ɗaya.

Eh hanin yana nan, bazan ɓoye miki ba. Hadisin Anas a Bukhari da Muslim yace kar ɗayanku ya yi fatan mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, in kuma ba makawa sai ya yi toh yace Allahumma ahyini ma kanatil hayatu khairan li, wa tawaffani iza kanatil wafatu khairan li, wato ya Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ce ta fi min alheri, Ka karɓi raina in mutuwa ce ta fi min alheri. Kinga an san ɗan Adam yana kaiwa wannan gejin shi ya sa aka koya masa abin da zai ce in ya kai. Wannan addu'ar ki riƙa yi tare da ita cikin taushin murya. Maganar allura kuwa a rufe take, haramun ce a addininmu, laifi ce a dokar Najeriya, ko da yake akwai ƙasashen da suka halatta, Holan da Beljiyam tun 2002, Kanada a 2016. Amma ni bana jin fatawa Umma ta tambaye ki a daren nan. Gaya miki ta yi inda ciwon ya kai ta, da kalmar da ta fi kowace nauyi a bakinta, kuma ke ta zaɓa ta gaya wa.

Likitoci sun daɗe suna bin diddigin wannan maganar. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, Harvey Chochinov, da abokan aikinsa sun zauna da mutum 200 masu ciwon ajali a garin Winnipeg, suka fitar da sakamakon a 1995. Kusan kashi 45 cikin ɗari sunce lokaci lokaci sukan ji da ma mutuwar ta zo da wuri, kusan rabi kenan fa. Amma waɗanda abin ya zauna musu daram a zuciya mutum 17 ne kacal, kuma fiye da rabin waɗannan an same su da ciwon damuwa mai tsanani, sannan sun fi sauran fama da raɗaɗi da ƙarancin masu tsaya musu. Daga baya ya sake gano cewa son rayuwar mai irin wannan ciwon hawa da sauka yake, wani lokacin ma cikin awa 12 ya canza, wanda da asuba yake neman mutuwa da la'asar sai ki ga yana tambayar jikarsa ta dawo daga islamiyya kuwa. A jihar Oregon ta Amurka kuma, inda doka ta ba masu ciwon ajali damar neman maganin mutuwa tun 1997, duk shekara ana rubuta dalilansu, kuma abin da ke sama kullum shi ne mutum ya rasa iko da kansa, ya kasa yin abubuwan da suke sa ya ji daɗin rayuwa, wajen mutum tara cikin goma ke faɗin haka. Sai zubewar mutunci, sai jin cewa ka zama kaya a wuyan iyalinka, wannan kusan rabinsu. Raɗaɗi yana can ƙasa, wajen uku cikin goma.

Toh amma kar wannan lissafin na ƙarshe ya ruɗe ki, can maganin raɗaɗi a wadace yake. Mu nan raɗaɗin ne farkon abin da zan zarga, kuma a kan Umma kusan zan iya rantsuwa. Kansar da ta shiga ƙashi tana cikin mafi azabar ciwo da likitoci suka sani, tana kuma tsananta da dare da lokacin juyi, ki lura da tsakar dare ta yi miki wannan tambayar. Matsalarmu kuma tarbiyya ce ta koya mana duk wanda yace ya jiki sai ka ce da sauƙi, mace irin Umma da ta haihu ba a ji kukanta ba ko ƙashinta na tsagewa da sauƙi zata ce wa likita, shi kuma ya rubuta Panadol ya wuce gado na gaba. Ki daina tambayarta ya jiki. Ki ɗaga mata yatsunki biyar ki ce Umma in babu ciwo sifili ne, in biyar ne ciwon da ya fi kowanne a rayuwarki, yanzu nawa ne? Ki rubuta a littafi da lokacin, safe, rana, dare, ki ƙara da awa nawa ta samu barci. Wannan littafin zaki ajiye a gaban likita ki ce masa a fili ba warkewa muka zo nema yau ba, so muke a kashe mata raɗaɗi ta yi barci, kuma muna so a duba ko lokacin mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, ya yi.

Na san da jin sunan mofin gabanki zai faɗi. Mun ga abin da ƙwaya ta yi wa yaranmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ga kuma tiramol, don haka ko wasu ma'aikatan lafiyar tsoronsa suke, wasu kuma suce ai in an fara bada shi an sallama mutum kenan. Ba haka bane. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin raɗaɗin ciwon daji hawa uku, kuma mofin ne a hawan ƙarshe. Na ruwa ne ake sha ta baki, ana farawa da kaɗan likita yana ƙarawa har a dace, ana bada shi bisa agogo duk bayan awa huɗu, ba'a jira sai ciwon ya taso tana murƙususu. In an bi shi yadda likita ya tsara baya gaggauta mutuwa, kuma mai shansa don ciwo na gaske ba ɗan maye bane. Kwanakin farko zata iya yin gyangyaɗi ko tashin zuciya, yawanci yana wucewa, abin da baya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka kar ku baro asibiti ba tare da an haɗa muku da maganin sassauta ciki ba. Wata likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ita ta kafa gidan kula da masu irin wannan ciwon a Yuganda a 1993 da wannan mofin na ruwa mai arha, yau a can har nas da aka horar tana iya rubuta shi. Anan ba'a samunsa a kemis, a famasin manyan asibitocin koyarwa ake nema, ku tambayi sashen da ke kula da rage raɗaɗin masu ciwon da baya warkewa, su suna ce masa faliyatib. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe nasa tun 2007, wasu ma sun bi. Zaku iya shan yawo kafin ku samu, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tace kashi 14 cikin ɗari ne kawai na masu buƙatar wannan kulawar ke samunta, amma ku nace. Ku kuma tambaya ko gasa wajen ciwon da injin asibiti zai yiwu, ciwon ƙashi sau da yawa zama ɗaya a injin gashi yana rage shi sosai. In kuma kinga ƙafafunta sun fara sanyi ko nauyi, ko fitsari ya tsaya ko yana zuba bata sani ba, ranar ku tafi asibiti kar ku kwana, alama ce ciwon yana danne lakar baya.

Sai gyambon. Ƙanwata Umma tana jin warin nan fiye da kowa, tana ganin wanda ya shigo ya ɗan ja mayafi kan hanci, tana ganin jikokin da suke hawa cinyarta da yanzu a bakin ƙofa suke tsayawa. Mace mai tsafta da turare, wannan kaɗai ya isa ya sa tace gara ƙasa ta rufe ni. Kuma abin takaici maganinsa baya da tsada. Masu wannan aikin suna daka ƙwayar Flagyl ta zama gari, a wanke gyambon a hankali da ruwan gishiri irin na asibiti, a barbaɗa garin a kai a rufe da bandeji mai tsafta, cikin 'yan kwanaki warin yake raguwa saboda ƙwayoyin cutar da ke kawo shi ne suke mutuwa. Ki sa nas ta nuna miki da hannunta karon farko. In zaki cire tsohon bandeji ki jiƙa shi tukun, kar ki fizga, wajen yana saurin jini. Ki buɗe taga, ki sa gawayi a kwano ƙarƙashin gado. Dan Allah kar a riƙa shigowa da kasko da gudu ana banka turaren wuta da zarar an ji sallamar baƙi, tana gane dalili.

Ki tuna kuma wacece ita kafin ciwon. Ita ke raba cefane, ita ake tambaya kafin a sa ranar biki, yau 'yar da ta yi wa tsarki ce take sa mata famfas. Da kunyarmu ta Hausa wannan ba ƙaramin abu bane. Duk abin da zata iya yi da hannunta ki bar mata ko zai ɗau rabin awa, ki miƙa mata buta ki juya baya, in wanka ne ki rufe ta da zani ki buɗe inda kike wankewa kaɗai, ki yi sallama kafin ki shiga ɗakinta ko da ke kika fita yanzu. A yi mata kitso, a sa mata kwalli da lalle in tana so, a tambaye ta wane zani zata ɗaura. Ki kawo mata ƙarar yaranki, ki ce Umma wannan yaron ya ƙi karatu ya zan yi da shi, ki tambaye ta yadda take haɗa yajin nan nata. A rage 'yan dubiya, masu zaman awa uku suna lissafa waɗanda ciwon ya kashe, kowa da ƙullin maganinsa. Sannan ki bincika maganar sallah, mata da yawa irin Umma abin da ke cinsu a ɓoye shi ne suna ganin kullum cikin najasa suke, sallarsu bata karɓuwa. A samu malama mai taushin hali ta zauna da ita ta tuna mata da taimama, da hadisin Imrana bin Husaini na yin sallah a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe, da kuma hadisin Abu Musa cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya. Tsayuwar darenta ana nan ana rubuta mata ita tana kwance, a gaya mata wannan.

Baki yi maganar kuɗi ba amma na san akwai ta, kemo ba wasa bane. Mara lafiya ya fi kowa kunne. Tana jin ana ƙus ƙus a tsakar gida wa ya turo wa bai turo ba, tana sane in an sayar da fili ko sarƙa, tana jin wayar da kike da mijinki kina cewa ka ƙara haƙuri. Uwa ce, lissafin da zata yi shi ne ina cinye gadon yarana kuma ina kashe wa 'yata aure, in na tafi kowa ya huta. Daga yau maganar kuɗi ta bar kusa da ɗakinta gaba ɗaya. In mijinki mai fahimta ne ki roƙe shi ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe ta yace Umma ni na ce ta zauna, hankalina a kwance yake. Maganarsa ɗaya a nan zata yi abin da rantsuwarki goma bata yi ba.

Yanzu maganar Yayanku, kuma ina so ki nuna masa wannan. Na san ƙauna ce ta sa ya hana a gaya mata, yana tsoron ta karaya. Amma Yaya, Umma ta sani. Jikinta ne, tana ganin zannuwanta sun mata yawa, tana ganin likita ya ja ka gefe, tana ganin idon ƙanwarka a kumbure. Abin da ɓoyewar ta haifar kawai shi ne ta rasa wanda zata yi maganar da shi, duk wanda ta fara yi wa sai yace haba Umma zaki warke, insha Allahu da ke za'a je Umara bana. Mutum yana tsakiyar 'ya'yansa amma shi kaɗai yake ɗauke da abu mafi girma a rayuwarsa, wannan kaɗaicin ma yana sa a ce gara a tafi. Ban ce a shiga a sauke mata magana kamar an jefar da kaya ba, kuma babu likitan da ya san ranar kowa. A tambaye ta ne, Umma ke ya kike ganin jikin nan? Kina so likita ya yi miki bayani da kanki ko kin fi so ya riƙa yi wa Yaya? In tace bata son ji a ƙyale ta, haƙƙinta ne. In tace tana so toh haƙƙinta ne shi ma, domin akwai abubuwan da ita kaɗai zata iya yi: bashin da ke kanta da wanda take bi, adashin da ta ɗauka bata gama zubi ba, azumin da ake binta, 'yar uwar da suka yi shekaru basa magana, kayan da take so a ba wance. Hadisin Ibn Umar cewa ya yi bai kamaci musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Sau da yawa in aka bar mutum ya sauke waɗannan sai ki ga wata natsuwa ta sauko masa, ya daina kiran mutuwa da ƙarfi, ya koma cewa duk lokacin da Allah Ya so na shirya, wannan kuma ba yanke ƙauna bane.

Ciwon damuwa shi ma ki sa ido a kansa, don ciwo ne da ake magani ko a wannan matakin, kar kowa yace miki ai dole mai ciwon daji ya damu. Baƙin ciki yana zuwa yana tafiya, mutum ya yi kuka anjima ya yi dariya da jika. Amma in kinga babu abin da ke faranta mata ko na minti ɗaya sati biyu a jere, tana cewa ita bata da amfani, Allah Yana fushi da ita, toh ki faɗa wa likita da wannan lafazin, ki kuma faɗa masa maganar allurar, ba tona asiri bane. Haka in ta fara ruɗewa, ga ƙishirwa da yawan barci da taurin ciki, a auna jininta, kansar ƙashi tana sa sinadarin kalsiyam ya hau kuma ana saukar da shi. Magunguna dukkansu su koma hannunki a kulle, ke zaki riƙa bata a kan lokaci, ba tare da kin nuna mata zarginta kike ba.

Abinci kuwa ku daina rigima da ita. A wannan matakin ciwon ne da kansa yake kashe sha'awar abinci, jikin baya iya sarrafa shi kamar da, ɗura tana kawo amai da shaƙewa ne kawai, kuma ƙin cin tuwo ba kashe kai bane. Cokali biyu na kunu ko farfesu ko kankana a ƙaramin kofi, lokacin da take so, ki riƙa jiƙa mata baki kina shafa mata man leɓe. Ƙin komawa asibiti ma ki tambaye ta me take gudu, in kemo ne da amai da kwanan benci toh tana da hujja, malamai da dama sun tafi a kan cewa barin maganin da ba'a sa ran zai warkar ba laifi bane, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Sai ku ce mata wannan zuwan na maganin barci da raɗaɗi ne kawai, in ma likitan zai yarda wani ya je da littafin nan da katinta a madadinta ya fi.

Me zaki ce mata? Istigfarin da kika ce ta yi tsoro ne ya sa, kowa ma abin da zai fito bakinsa kenan, kuma ƙofar bata rufe ba. Ki zaɓi lokacin da ciwon ya lafa babu kowa a ɗakin, ki zauna a bakin gado ki kama hannun nan da ta kama ki da shi ki ce Umma ranar nan kin faɗa min magana na katse ki, tsoro ne ya kama ni, yanzu ina so in ji, me ya fi damunki a cikin duk abin nan? Sai ki yi shiru. Shirun zai yi tsawo, zaki ji kamar ki cike shi da wa'azi ko da zaki warke, ki daure. Tambayar bata ƙara wa mutum son mutuwa, yawanci sauƙi take kawowa. Duk abin da ta ambata, ciwon dare ne, wari ne, kuɗi ne, tsoron yadda fitar rai zata kasance ne, tsoron a barta ita kaɗai ne, daga nan aikinku zai fara. In ta sake cewa na gaji, ki ce na sani Umma, na ga gajiyarki, ina nan ba inda zani. In kuka ya zo ku yi tare, ba sai kin ruga bayi kin ɓoye ba.

Ke ma kuma mutum ce. Jinyar dare da rana ba aikin mutum ɗaya bane, ku zauna ku raba kwana, maza ma su ɗau nasu, kai ta asibiti da neman magani da zaman hira duk jinya ce. Ki riƙa zuwa gidanki kina kwana kina ganin yaranki, ki kuma riƙa kawo mata su in an gyara gyambon an canza shimfiɗa. In wata rana kin tsinci zuciyarki tana cewa Allah Ka yanke mata wahalar nan kar ki tsani kanki, masu jinya da yawa sun ji haka, tausayi ne da gajiya, ki mayar da shi waccan addu'ar ta hadisin Anas. Ki sake rubuto min sunayen magungunan da take sha yanzu da yadda ake bata su da garin da kuke, in ga ko zan iya haɗa ku da wanda ya san inda ake samun mofin kusa da ku.